Jan Fenti a Kabarin Shilin

Yanwo, bayan girbin shinkafa

Zuwa ga 'yata Kuang Minzhi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin asibiti. Na san za ki yi ta juya ambulan ɗin nan kina tunanin wace ce kuma Ran Sufen. To, kakarki ta wajen uwa da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙani ne. Sau ɗaya na taɓa ganinki, a wani biki, kina 'yar mitsitsiya, kika yi mini fitsari a sabon wando. Ban riƙe ki ba. Waɗanda na riƙe daban suke, kuma yanzu za ki ji su.

Jikina dai sai a hankali. Shi ya sa na rubuto maimakon in kira, don waya tana cin numfashi, biro kuwa ba ya ci. Tawa wayar ma na daɗe da jefa ta cikin akwati, mai nemana da gaggawa sai dai ya kira gidan wan mijina, Yaya Shigui. Shekara takwas ke nan da likitan gunduma ya ce ina da hawan jinin huhu. Ina shan ƙwayoyina, amma daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai na tsaya na dafa bango.

Muguntar ciwon nan ita ce ba ya nuna kansa. Ba na tari, ba na zazzaɓi, ina cin shinkafata kwano biyu. Facalata Liao Guilan, matar Yaya Shigui, ta sa masa suna ciwon masu wayo. Wai ba ya tashi sai an zo ɗaukar kwandon dankali. Da leɓena suka fara yin shuɗi, cewa ta yi 'ya'yan itace nake shafawa. Duk na shanye, don mijina Shilin yana raye, kuma shi ya san yadda nake kwana a zaune.

Shekara uku da suka wuce Shilin ya rasu. Kin san maƙabartar dangin Xiang, wato dangin mijina, a kan tudu take, matakalar dutse ce tun daga bayan gari. Na bi akwatinsa, ban kai ko rabi ba ƙasa ta juya mini na faɗi. Da na farfaɗo har an rufe shi. A wurin cin abincin makoki Guilan ta miƙe a gaban dangi ta ce matar da ta ƙi raka mijinta da ƙafarta ba za a ɗauke ta a kafaɗa a kai ta gefensa ba. Ba mu samu haihuwa ba, balle wani ya tsaya mini.

Dutsen kabarin na mutum biyu ne, kamar na kowa. Sunan Shilin yana nan da baƙin fenti, irin na wanda ya mutu. Ɗaya gefen, inda ya kamata a sassaƙa nawa a cika shi da ja tunda ina raye, an bar shi fayau. Duk wanda ya hau tudun yana karanta abin da ba a rubuta ba.

An ce asibitinku a Nanjing yana gwada wani sabon aiki a kan masu irin ciwona. Ban nemi in koma yarinya ba. Ina so in hau tudun nan da ƙafata ranar sharar kaburbura, Guilan tana kallo. Ki gaya mini gaskiyar abin, ba irin gaskiyar da ake gaya wa marar lafiya ba.

Innarki,
Sufen

*

Nanjing, tsakiyar kaka

Inna,

Na samu wasiƙarki, na kuma yi murna da jin akwai mai tuna mu a Yanwo. Muna lafiya. Mahaifiyata tana gaishe ki, ta ce maganar wandon gaskiya ce, wai shuɗi ne.

Ga yadda abin yake. Babbar jijiyar da ke kai jini daga zuciyarki zuwa huhu ta matse, shi ya sa zuciyar take turawa da ƙyar. A jikin bangonta akwai wasu ƙananan jijiyoyi, ba na jini ba, na kai saƙo, su ne ke ta ba ta umarni ta ƙara matsewa. Likita zai sa siririn bututu ta jijiyar cinya, ya bi da shi ta cikin zuciya har ya kai wurin. Bakin bututun yana fitar da wani sauti da kunne ba ya ji, zafinsa ne yake kashe masu ba da umarnin. Ba a yanka mutum. Kuma ba warkewa ba ce, Inna, sauƙi ake nema, ƙwayoyinki suna nan daram.

Kin ce in gaya miki gaskiya, to ga ɗacin. Aikin gwaji ne, ba a gama sanin amfaninsa ba. Don a sani, ƙuri'a ake yi. Rabin mutane a yi musu aikin. Ɗaya rabin a sa musu bututun daidai wa daida, a rufe musu ido, a sa musu kiɗa a kunne, amma ba za a kunna na'urar ba. Marar lafiya ba ya sanin wanne ya samu sai bayan wata shida. Mu ma'aikatan jinya ma an hana mu sani, ko ƙofar ɗakin ba ma shiga, don kada fuskarmu ta tona. Wanda ƙuri'a ta ba shi na banza, daga baya za a yi masa na gasken in yana so.

Na nuna wa likita takardun da kika haɗo, ya ce ki zo a auna ki, da alama kin dace. Sai dai kin san asibiti ba ya taɓa mutum sai wani na gida ya zauna ya ji bayani ya sa hannu, ni kuma ma'aikaciya ce a nan, ba zan iya ba. Ki zo da wanda ya fi kusa.

Maganar tudu kuwa, mu ajiye ta tukuna. Ki zo da rigar sanyi, iskar kogin nan ba ta da mutunci.

'Yarki,
Minzhi

*

Yanwo, cikin sanyi, gab da Sabuwar Shekara

Minzhi 'yata,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma gode miki da ɗawainiyar da kika yi da ni, musamman romon nan da kika riƙa kawo mini daga gida. Wurin da aka sa bututun ya warke sarai. Na daɗe ban rubuto ba saboda ina jira in ga abin da jikin zai ce.

Kin ga Yaya Shigui da idonki. Mutumin nan tun daga Yanwo har Nanjing bai yi mini magana ba sai sau biyu, duka a kan taliyar da ake sayarwa a jirgin ƙasa. A gaban likita ya zauna kamar turmi, ya sa hannu, na ɗauka ko kalma ɗaya ba ta shige shi ba. Ashe haddacewa yake yi. Muna dawowa ya juye wa matarsa komai, har da kiɗan kunne.

Washegari a rumfar mai awara, mata cike, Guilan ta buɗe baki. Mai awarar ce ta kawo mini maganar da zafinta:

"Kun ji asibitin birni? Rabi a yi musu aiki, rabi a yi musu wasan yara. Ai ciwon ƙarya maganin ƙarya ya dace da shi. In kun ga ta miƙe, ku tambaye ta wanne aka yi mata."

Kin ga inda ta sa ni? In ban samu sauƙi ba, tudu ya fi ƙarfina, dutse ya zauna fayau. In na samu sauƙi kuma aka ce na'urar ba a kunna ba, to na tabbatar mata da maganarta da ƙafafuna. Na tsani matar nan, Minzhi, ba zan ɓoye miki ba. Kin ce sautin yana kashe masu ba da umarnin banza, na ce a raina a gidanmu ma akwai wadda ya kamata a kunna wa.

Ga shi kuwa kamar ina jin dama-dama. Sau biyu na je rijiya ban dafa bango ba. Ina tuna ranar aikin, cikin magagin allura, kamar na ji ɗumi a ƙirji, amma ban sani ba ko bargo ne.

Ba zan iya jiran wata shida ba, ranar sharar kaburbura za ta riga su zuwa. Kin ce ba ki sani ba, na ji. Amma mai aiki a kicin ba ya rasa sanin abin da ke tukunya. Ban ce ki rubuta komai ba, kada a kore ki. In na gasken aka yi mini, ki aiko mini da agwagwar gishiri irin ta garinku. In na banza ne, kada ki aiko komai, zan gane.

Innarki,
Sufen

*

Nanjing, jajiberin Sabuwar Shekara

Inna,

Barka da shekara, da fatan za ki shiga sabuwar da ƙarfin jiki. Tun da kika koma ban samu wasiƙarki ba, na ce ko sanyi ne ya daskarar da biron.

A gurguje nake. Yau za mu tafi garin iyayen maigidana, daga can kuma asibiti ya tura ni ƙarin karatu a Shanghai, sai wajen sharar kaburbura zan dawo. Ga 'yar tsarabar shekara nan, agwagwar gishiri. Mutumin Nanjing ba shi da wata kyauta sai ita, duk dangi ita na aika wa. Ki turara ta kaɗan, kada ki ci da yawa saboda gishirin.

Ki sha ƙwayoyinki a kan lokaci, ki je awon gunduma, kuma ban da hawan tudu.

'Yarki,
Minzhi

*

Yanwo, bayan bikin fitilu

'Yata mai hankali,

Gaisuwa da godiya. Agwagwa ta iso. Direban motar kasuwa ne ya kawo ta, na rungume ta a bakin hanya ina kuka, har ya tambaye ni ko wani ne ya rasu.

Da na karanta inda kika ce ba ki samu wasiƙata ba sai da na yi dariya har na shaƙe. Ko ni ce haka zan rubuta. Wai duk dangi kika aika wa, wai ban da hawan tudu. Madalla, kin wanke kanki tas, duk wanda ya buɗe takardar ba zai kama ki da komai ba. Ni ma bakina a rufe yake.

Na ci cinya, na ba mai awara fuffuke. Gindin kuwa na sa shi a farantina mafi kyau na aika wa Guilan, na ce tsarabar birni ce. An ce ta ba kare.

Yanzu kullum ina gwada kaina a matakalar bayan gida. Zuciyar tana bugawa, kunnuwa suna ƙara, amma da na tuna an kashe 'yan iskan jijiyoyin nan sai in ce wa jikin ya daina shagwaɓa, tsohon hali ne kawai bai sake shi ba. Na sayi sabuwar tsintsiya da turare da takardun ƙona wa mamaci. Na kuma sayi ƙaramin gwangwanin jan fenti da buroshi. Ba zan roƙi kowa ya kira masassaƙi ba. Da hannuna zan rubuta sunana a gefen Shilin, Guilan tana tsaye.

Shekara takwas tana yi mini, ni rana ɗaya kawai nake nema. Ramuwar gayya ai ta fi gayya zafi. In kin dawo ki same ni da labari.

Innarki,
Sufen

*

Nanjing, saura kwana biyu sharar kaburbura

Inna,

Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa. Yau na dawo na tarar da wasiƙunki biyu a akwatina na asibiti, tun ta kafin Sabuwar Shekara ba wanda ya tura mini.

Inna, agwagwar nan agwagwa ce kawai. Na aika ta ban ga wasiƙarki ba. Ban san abin da aka yi miki ba, na rantse da kabarin kakata. Ko da na gasken ne, babu likitan da zai bar ki ki hau wannan tudun. Ƙarar kunne da bugun zuciyar da kike ji ba shagwaɓa ba ce, gargaɗi ne. Masu irin ciwonki suna faɗuwa a kan matakala ba su tashi ba, na gani da idona.

Na san takardar nan ba za ta riga ranar isowa ba, shi ya sa na kira gidan Baba Shigui. Matarsa ce ta ɗauka. Na san abin da za ki ce, amma ba ni da wata hanya. Na gaya mata ko ni wace ce, na ce ta hana ki ko da zaune miki a ƙofa za ta yi. Sai ta tambaye ni ko da gaske mutum yana mutuwa da ciwon da ba ya tari. Na ce mata e. Ta kashe wayar ba sallama.

In kin ga dama ki tsane ni, amma ki tsane ni kina raye.

Minzhi

*

Asibitin gunduma, mako biyu bayan sharar kaburbura

Minzhi,

Ina gaishe ki. Ina raye, kuma ban yanke shawarar ko na tsane ki ba tukuna. Ga robar iska a hancina, rubutun zai karkace. Wasiƙarki a nan ta same ni, na karanta ta sau ɗaya na kifa ta. Wato a kan gindin agwagwa na ɗora raina.

Da safiyar ranar Guilan ta zo ta tsaya mini a ƙofa, abin da ba ta yi ba tun rasuwar Shilin. Ba gaisuwa, ta ce yarinyar asibiti ta kira, ta ce kada in hau. Ki gaya mini, 'yata, ke da kika yi karatu, wa zai yarda? Matar da ta ce ba na hawa saboda ƙarya, yau ta ce kada in hau saboda gaskiya. Na ɗauka tsoro ne ya kama ta. Na ce ta matsa, na goya kwandona na wuce ta gefenta.

An yi yayyafi, matakalar da santsi. Dangi suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gaishe ni ya kawar da kai. Na wuce inda na faɗi a da, ban kalli wurin ba. Daga nan sai hawa kaɗan, tsayawa da yawa. Duk lokacin da na waiga Guilan tana bayana da nata kwandon, in na tsaya ta tsaya. Na ce lallai jira take ta ga faɗuwata, ita ta zama ta farkon kai labari. Wannan tunanin ne ya hau da ni, ba ƙafa ba. Ƙarshen hanyar da rarrafe na yi shi.

Na isa, Minzhi. Na ga dutsen da idona a karo na farko. Maza duk sun wuce can sama wurin kabarin kakan kakanni. Ban iya shara ba, ban kunna turare ba. Na buɗe gwangwanin, na rubuta Ran, fentin yana zuba. Ban kai ga Sufen ba duhu ya rufe ni.

Na farka na ji ina lilo, fuskata a kan wani wuya mai warin man zafi. Guilan ce ta goya ni. Matar da ta haura sittin, da gwiwoyinta masu ƙara, ta yar da kwandonta ta ɗaure ni da majanyin kwandon tana sauka da ni. Ihu ta yi wa mazan, ba wanda ya ji saboda ƙarar wasan wutar da suke kunnawa. Bakina yana daidai kunnenta, duk numfashin da na ja a kunnenta na ja shi, tun daga kabari har bakin titi. Tana haki tana zagina:

"Ki yi numfashi, 'yar banza. In kika mutu a bayana garin nan cewa za su yi ni na kashe ki."

Na rantse miki a duk shekarun ciwon nan ban taɓa sha'awar mutuwa kamar lokacin ba. Da ina da iko da na yi, don kawai in bar mata. Da na ga ba zai yiwu ba sai na saki jikina gaba ɗaya, na yi mata nauyi iyakar iyawata.

Ba ta zo duba ni ba, an ce gwiwoyin sun kumbura ba ta iya tashi. Yanzu abin da ke hana ni barci ɗaya ne. Gari ya ga na hau. In aka ce na'urar ba a kunna ba, kin san abin da za a ce a rumfar awara.

Innarki,
Sufen

*

Nanjing, farkon zafi

Inna,

Gaisuwa, da sannu da jiki. Da na ga rubutunki sai da na zauna a ƙasa. Kullum ina kiran asibitin gunduma, sun gaji da muryata.

Saboda faɗuwar da kika yi, likitoci sun buɗe ƙuri'arki kafin lokaci. Babban likita ya ce in sanar da ke, shi ma zai yi magana da likitanki na can. Na banza aka yi miki. An sa bututun, ba a kunna na'urar ba. Ɗumin da kika ji bargo ne.

Awon da aka turo mana ya nuna jijiyar tana nan a matse yadda take, har ta ɗan ƙara. Wato da ciwonki cif kika hau tudun nan. Da na ba likita labari ya cire tabarau ya goge, ya tambaye ni me ke saman tudun. Na ce masa kabari ne da facala. Ya ce bai san maganin wannan ba.

Ba dole ba ne kowa ya ji sakamakon, naki ne. Amma sai an sake sa hannu, kuma kin san bakin mai sa hannun.

Yanzu kina da damar a yi miki na gasken, in jikinki ya ɗan dawo. Ba zan yi miki alkawari ba, wasu sun samu sauƙi sosai, wasu kaɗan. Abu ɗaya ne tabbas, tudun nan kin gama hawansa. Ki yi tunani ki rubuto. Ba zan ƙara aiko miki da ko ƙwai ba sai na haɗa da bayani.

'Yarki,
Minzhi

*

Yanwo, lokacin dashen shinkafa

'Yata Minzhi,

Ina gaishe ki, ki gaishe da mahaifiyarki. Na dawo gida, ina dafa bango kamar da. Na yanke shawara, ban tsane ki ba. Ba ni da numfashin tsanar mutum biyu.

Ban jira bakin Yaya Shigui ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da dangi suka taru cin abincin dashe a gidansa na sa aka kai ni, na jira kowa ya cika baki, sannan na ce asibiti sun buɗe ƙuri'a, na banza aka yi mini, duk mai magana ya yi ta yanzu ina ji. Ido ya koma kan Guilan. Tana zaune ƙafafu a miƙe, an naɗe gwiwoyin da ganye. Na ba ta wuƙa da nama, Minzhi, kalma ɗaya za ta faɗa ta gama da ni.

Ta daɗe tana tauna. Sannan ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, ta yi kiwon alade shekara arba'in, ta san ƙarar abin da ke mutuwa, kuma ita ta ji a kunnenta tun daga kan tudu har ƙasa. Ta ce ciwon ba ƙarya ba ne, hankali ne dai babu. Kada ki ɗauka haƙuri ta ba ni. Ba ta bayar ba, ni ma ban yafe ba.

Yaya Shigui ya yi gyaran murya ya ce jan da na zubar ya ɓata dutsen ƙaninsa, rabin suna kuma abin kunya ne ga gida, don haka ya kira masassaƙi. An sassaƙa, an cika da ja. Ɗansa ya nuna mini hoton a waya: Ran Sufen, daidai tsayin na Shilin. Na kalla har wayar ta mutu.

Sai ya tambaye ni ko akwai saura, don maganar ta mutu a nan. Na ce akwai. Jan fenti ba ya shekara a kan tudu, ruwa yana wanke shi. Sunan mai rai kuwa ba a bari ya koɗe, mugun fata ne. Ni likita ya hana ni hawa. Ya ce ɗansa zai riƙa yi. Na ce a'a, wadda ta sa aka bar gefen fayau ita za ta riƙa hawa duk ranar sharar kaburbura ta sabunta shi da hannunta, muddin ina numfashi. Tsofaffin suka gyaɗa kai, don ba su ga inda na kauce ba.

Guilan ta kalli gwiwoyinta, sannan ta kalle ni, karo na farko a ranar.

"Zan hau," in ji ta. "Amma ki sani, baƙin fentin ma na saya na ajiye."

Na ce ta rufe gwangwanin da kyau.

Don haka ki gaya wa likitanki ina zuwa bayan dashe. Yaya Shigui zai sa hannu, ya haddace abin da ya ga dama. A wannan karon a bar mini kunnuwana a buɗe, ko ba a jin sautin ina so in ji lokacin da aka danna. Da na zo muku ina neman rana ɗaya. Yanzu shekara ashirin nake so, in da hali a ƙara, kowace shekara da hawanta. Ina so baƙin fentin nan ya bushe a gwangwaninsa, ta sake sayen wani, shi ma ya bushe.

Ki nema mini gado kusa da taga.

Innarki,
Ran Sufen